Yadda Ƙasa Za Ta Tanadi Makamashin Nukiliya Ba Tare da Ta Kusanci Ƙera Bam Ba

Tun shekarar 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit, a arewacin Nijar, kuma an ɗauki shekaru masu yawa hanyar da kayan ke bi ba ta sauya ba. A waɗancan shekarun ana niƙa dutsen, a jiƙa shi da sinadarai, a fitar da wani gari mai ruwan ɗorawa, a ɗura a ganguna, manyan motoci su kai shi Faraku a Jamhuriyar Benin, jirgin ƙasa ya sauke shi a Kwatano, daga nan jirgin ruwa ya wuce da shi Faransa. Wannan garin, komai yawansa, ba zai kunna ko ƙwan fitila ɗaya ba a irin tashoshin da suka fi yawa a duniya, domin tsakaninsa da zama makamashi akwai matakai uku da ƙasashe ƙalilan ne suke yin su. Duk ƙasar da ke shirin gina tashar wutar lantarki ta nukiliya, ko tana da ma'adinin a ƙarƙashin ƙasarta ko ba ta da shi, dole ta amsa tambaya ɗaya tun kafin a haƙa harsashin gini: daga ina makamashin zai riƙa zuwa har tsawon shekara sittin, kuma me za a yi ranar da mai sayarwa ya ce ba zai bayar ba? Wannan bayani na jami'an ma'aikatun makamashi ne, da 'yan majalisar da za a kawo wa yarjejeniyoyi su amince, da 'yan jarida da ɗaliban da ke son su gane abin da ake sa wa hannu da sunansu.

A fara da sanin inda haɗarin yake

Yuraniyom ɗin da aka haƙo iri biyu ne a cakuɗe. Wanda ke ba da wuta, mai lamba 235, kashi 0.7 ne kacal cikin 100, sauran kuwa kusan duka mai lamba 238 ne. Yawancin tukwanen nukiliya na samar da lantarki, wato manyan na'urorin da makamashin ke ba da zafi a cikinsu, suna buƙatar a ɗaga mai lamba 235 zuwa tsakanin kashi 3 da 5. Don haka sai a fara haɗa garin da sinadarin fulorin ya zama abin da masana ke rubutawa UF6, wanda a yanayin ɗaki yake kama da farin gishiri, amma da ya ɗan ji zafi ya haura digiri 56 sai ya koma iska. Wannan iskar ake turawa cikin dubban injunan tankaɗe, dogayen bututu masu juyawa da gudun da ido ba ya iya bi, mai nauyi ya koma gefe, mara nauyi ya taru a tsakiya. Aikin nan shi ake kira tacewa. Bayan an tace ne ake mayar da shi ƙananan ƙwayoyi baƙaƙe kamar kan ɗan yatsa, a jera su cikin siraran sandunan ƙarfe masu tsawon kusan mita huɗu, a ɗaure sandunan dami-dami a saka a tukunya.

Injin da ya tace zuwa kashi 5 shi ne kuma zai tace zuwa kashi 90, wanda da shi ake ƙera bam. Abin da ake buƙata kawai shi ne a sake jera bututun a ci gaba da juyawa. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, wanda ya kai kashi 5 ya riga ya yi fiye da rabin wahalar, wanda ya kai kashi 20 kuwa saura ƙiris ya rage masa. Shi ya sa aka ja layi a kashi 20: abin da bai kai nan ba ana kiran sa mai ƙarancin tacewa, abin da ya kai ko ya haura kuma mai yawan tacewa. Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, wato IAEA, mai hedkwata a birnin Biyana, tana ɗaukar kilo 25 na mai lamba 235 a cikin mai yawan tacewa a matsayin adadin da zai iya isar bam ɗaya. Ƙofa ta biyu zuwa ga bam ita ce ƙonannen makamashin da aka fitar daga tukunya, domin a cikinsa akwai fulutoniyom, wani sinadarin da shi ma ake ƙera bam da shi, wanda kilo 8 nasa ke da wannan matsayi idan aka sake sarrafa shi aka ware shi. Tacewa da sake sarrafawa, waɗannan biyun su ne dukkan dokokin hana yaɗuwar makaman ƙare dangi ke zagayawa a kansu. Ba a manta da yadda masanin Pakistan Abdul Kadir Khan ya kwashi zanen injunan tankaɗe daga Holan a shekarun 1970 ya tafi da su Pakistan ba, da yadda daga baya ilimin ya isa Libiya da Iran da Koriya ta Arewa, kamar yadda shi da kansa ya amsa a 2004.

Sai dai adalci ya sa a faɗi cewa ƙasashen da ke tsoron dogaro da wasu suna da hujja. Iran ta ba da rancen dala biliyan ɗaya a 1974 don gina masana'antar tacewa ta Eurodif a Faransa, da sharaɗin za ta samu kashi 10 cikin 100 na abin da aka tace, amma bayan juyin juya halin 1979 sai rikici ya shiga tsakani, aka yi ta shari'a har 1991, kuma ba ta karɓi yuraniyom ɗin ba. Indiya ma, bayan gwajin bam ɗin nukiliya da ta yi a 1974, Amurka ta yi dokar 1978 wadda ta kai ga janye hannu daga ba tashar Tarafur makamashi, sai Faransa ta karɓi aikin, daga baya Sin da Rasha. Ko wane ne ke da laifi a waɗannan lamura, darasin da sauran ƙasashe suka ɗauka shi ne siyasa na iya rufe famfo. Mutanen Yamai da Maraɗi da Damagaram, waɗanda suka ga yadda aka katse wutar da ke zuwa daga Najeriya a watan Agustan 2023 saboda takunkumi, ba sa buƙatar a yi musu dogon sharhi a kan wannan. Tsarin raba makamashi tsakanin ƙasashe an kafa shi ne don a cire wannan tsoro, ta yadda ƙasa ba za ta ga dole sai ta gina masana'antar tacewa tata ba.

Takardun da ke buɗe kowace ƙofa

Matakin farko ba na kuɗi ba ne, na doka ne, kuma ƙasar da ta yi sakaci da shi za ta tarar da kowace ƙofa a rufe. A tabbatar ƙasa tana cikin Yarjejeniyar Hana Yaɗuwar Makaman Nukiliya, wadda aka buɗe don sa hannu a 1968 ta fara aiki a 1970. Sashe na huɗu na yarjejeniyar ya tabbatar wa kowace ƙasa haƙƙin amfani da nukiliya don zaman lafiya, sashe na uku kuma ya wajabta mata ƙulla cikakkiyar yarjejeniyar sa ido da IAEA. Sa hannu kaɗai bai wadatar ba, sai majalisa ta amince yarjejeniyar ta fara aiki. A ƙara da Ƙarin Yarjejeniyar 1997, wadda ke ba masu bincike damar shiga wuraren da ba a ambata musu ba da ɗaukar samfurin ƙura da ƙasa. Ba dole ba ce a shari'ance, amma masu sayarwa da dama suna duba ta kafin su saki kaya, kuma a ganina ƙasar da ba ta da abin ɓoyewa babu ribar da za ta ci wajen ƙin ta. Ga ƙasashen Afirka akwai kuma Yarjejeniyar Felindaba, wadda aka sa wa hannu a Alƙahira a 1996 ta fara aiki a 2009, da ta haramta makaman nukiliya a nahiyar baki ɗaya.

Bayan takardu sai hukuma. A kafa hukumar kula da nukiliya mai cin gashin kanta, wadda ba ta ƙarƙashin ma'aikatar da ke gina tashar, a ba ta ikon dakatar da aiki, a kuma horar da ma'aikatan da za su riƙe lissafin kowane giram na kayan nukiliya. Sa ido a aikace lissafi ne mai cin rai. Mai bincike yakan zo da littafinsa ya kwatanta da na tashar, ya ƙirga damunan sanduna ɗaya bayan ɗaya, ya duba ɗan hatimin ƙarfe mai kama da maɓallin riga da aka zura wa waya aka ɗaure a murfin kaya, ya cire shi ya aika Biyana a tabbatar ba a taɓa shi ba, ya kwashi hotunan kyamarorin da ke kallon ɗakin dare da rana. A bakin tafkin ajiyar ƙonannen makamashi kuma yakan leƙa da na'ura ya ga wani shuɗin haske da ke fitowa daga sandunan a ƙarƙashin ruwa, shaidar cewa na gaske ne ba a musanya su da ƙarfen banza ba. Ƙasar da lissafinta ke da giɓi, ko da kuskuren magatakarda ne, tana iya samun kanta a gaban Majalisar Gwamnonin IAEA mai ƙasashe 35, kuma za a ga nan gaba cewa wannan kaɗai ya isa ya hana ta agaji ranar da take buƙata.

Kada a sayi komai a rumfa ɗaya

Masu tacewa don kasuwa ba su da yawa. Akwai Rosatom na Rasha, wanda ya fi kowa girma, da Urenco na haɗin gwiwar Birtaniya da Holan da Jamus, da Orano na Faransa, da kamfanin gwamnatin Sin. Wanda ya sayar da tukunya yakan haɗa da tayin makamashi na dukan rayuwarta, kamar yadda Rasha ta yi wa Masar a tashar Daba'a mai tukwane huɗu. Tayin yana da sauƙi kuma yana da jan hankali, musamman ga ƙasar da ke farawa, amma kafin a karɓa a karanta shi da idon wanda ke tunanin ranar ɓatawa. A nemi a rubuta cewa ƙasa na da 'yancin sayen makamashi daga wani wurin, kuma kamfanin zai miƙa bayanan fasaha da wani maƙerin zai buƙata don ya ƙera damunan da za su dace.

Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta nuna yadda ake rarraba sayayya. Tukwanenta huɗu na Baraka 'yan Koriya ta Kudu ne suka gina, amma a 2012 ta ƙulla kwangila da kamfanoni shida daga ƙasashe daban-daban, wasu su kawo ma'adinin, wasu su mayar da shi UF6, wasu su tace, sannan a kai Koriya a ƙera sandunan. Idan ɗaya ya gaza, sauran na nan.

Batun ƙera sanduna shi ne wurin da aka fi yin sakaci, kuma shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa. Tataccen yuraniyom kamar gero ne, na kowa ɗaya ne, amma damin sanduna ɗinki ne da aka auna wa tukunya guda. Na tukwanen Rasha mai kusurwa shida ne, na yawancin tukwanen Yamma mai kusurwa huɗu, kuma ko a cikin iri ɗaya tsawo da tazara da ƙarfen da aka yi amfani da shi sun bambanta. Yukiren, wadda dukan tukwanenta ƙirar Tarayyar Sobiyet ne, ta fara gwada damunan kamfanin Westinghouse na Amurka tun 2005, ta yi shekaru tana gyara da sake gwaji kafin hukumarta ta gamsu. Wannan doguwar wahala ita ta ba ta damar daina sayen makamashin Rasha bayan yaƙin da ya ɓarke a 2022, har ta saka na Westinghouse a ƙananan tukwanenta na Ribne a 2023. Wanda ya jira sai rikici ya taso kafin ya nemi maƙeri na biyu ya makara da shekaru. Saboda haka a fara neman lasisin maƙeri na biyu tun tashar na sabuwa, ko da za a riƙa sayen kaɗan ne daga wurinsa.

Sai ajiya ta gida. Tukunya mai ƙarfin megawat 1,000 tana cin kimanin tan 20 zuwa 25 na tataccen makamashi a shekara, kuma ana sauya kashi ɗaya cikin uku ko cikin huɗu na damunanta duk wata 12 zuwa 18. Wannan kaya ne da motoci kaɗan za su ɗauka, sabon makamashi kuma ba ya lalacewa a ajiye. Ƙasar da ta tanadi sauyi ɗaya ko biyu a ɗakin ajiyar tasharta, a ƙarƙashin hatimin masu bincike, ta sayi wa kanta shekara ɗaya zuwa uku na numfashi, abin da tashar gas ko ta gawayi ba za ta taɓa samu ba. Game da ƙonannen makamashi, idan mai sayarwa ya yarda zai kwashe kayansa, a karɓa a rubuta, kamar yadda Iran ta yi da Rasha a 2005 kan tashar Bushahar, domin hakan na sauke nauyin ajiya kuma yana kawar da zargin fulutoniyom gaba ɗaya.

Rumbun tsimi na Kazakistan

Idan duk wannan tanadi ya gaza, akwai mafaka ta ƙarshe. Tunanin ya daɗe, domin tun a jawabinsa na 8 ga Disamban 1953 a Majalisar Ɗinkin Duniya shugaban Amurka Aizinhawa ya kawo shawarar ƙasashe su tara kayan nukiliya a hannun hukuma ɗaya, kuma Muhammad al-Baradi'i ya farfaɗo da maganar a 2003 lokacin da yake shugabantar IAEA. A Disamban 2010 Majalisar Gwamnoni ta amince a kafa bankin yuraniyom mai ƙarancin tacewa, a 2015 aka sa hannu da Kazakistan kan karɓar baƙuncinsa, a Oktoban 2019 kuma ya fara aiki da isowar kayan farko daga Faransa. Yana cikin masana'antar Ulba a birnin Oskemen, kuma abin da ke ciki tan 90 ne a silinda 60 na ƙarfe, tacewarsa ba ta wuce kashi 4.95 ba, adadin da zai cika babbar tukunya ɗaya ko ya yi mata sauyi uku. Kuɗin kafa shi, kimanin dala miliyan 150, gudummawa ce: attajiri Warren Buffett ya ba da miliyan 50 ta hannun NTI, wata ƙungiya mai zaman kanta a Amurka da ke aikin rage barazanar nukiliya, Amurka ta ba da kusan haka, sauran suka fito daga Tarayyar Turai da Kuwaiti da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Norwe da Kazakistan. Kayan mallakar IAEA ne, ba na Kazakistan ba.

Ga yadda ake nema. Gwamnati ce ke rubuta wa Babban Daraktan IAEA, ba kamfanin lantarki ba, ta nuna cewa an katse mata makamashi saboda wani yanayi na musamman, kuma ta nema a kasuwa da wajen wasu ƙasashe ba ta samu ba. Don haka a adana duk wasiƙun neman saye da amsoshin ƙi, domin su ne hujja. Daraktan zai duba ko cikakkiyar yarjejeniyar sa idonta na aiki, ko rahoton hukumar na baya-bayan nan ya tabbatar ba ta karkatar da kayan nukiliyar da ta bayyana ba, da kuma ko akwai wata magana a kanta game da sa ido a gaban Majalisar Gwamnoni. Idan ta tsallake, sai ta sa hannu a yarjejeniyar bayarwa, inda za ta yi alkawarin cewa kayan na lantarki ne kawai, ba za ta ƙara tace su ba, ba za ta sake sarrafa su ko ta miƙa wa wani ba sai da iznin hukumar, kuma za ta kiyaye ƙa'idojin tsaro. Sannan ta biya cikakken kuɗi kafin a ɗaga silinda ɗaya, don a sake cika rumbun. Bankin ba sadaka yake bayarwa ba, ba kuma wurin neman rahusa ba ne, saboda haka ya kamata baitulmali ya san da wannan tun da wuri ya ware asusu. Da yake Kazakistan ba ta da mashigar teku, hukumar ta riga ta ƙulla yarjejeniyar ratsawa da Rasha da kuma Sin.

A lura da kyau cewa abin da za a bayar UF6 ne a silinda. Hatsi ne, ba tuwo ba, kuma ƙasar da ba ta da maƙerin da zai mayar da shi damunan da suka dace da tukunyarta za ta biya kuɗi ta rasa inda za ta kai kayan. Wannan shi ne raunin tsarin mafi girma, kuma shi ya sa na dage a kan maƙeri na biyu. Akwai wasu rumbunan da ya kamata a san da su: Rasha na ajiye da tan 120 a Angarsk tun 2010, wanda ake nema ta hannun IAEA, Amurka kuma tana da nata da ta samar ta hanyar sirka tan 17.4 na yuraniyom mai yawan tacewa. Ƙasar da ke son hannun jari a tacewa ba tare da ta taɓa fasahar ba tana iya duba cibiyar haɗin gwiwa ta Angarsk, wadda Rasha da Kazakistan suka kafa a 2007, Armeniya da Yukiren suka shiga daga baya.

Tambayar da za ta taso a majalisa ita ce ko shiga wannan tsari na nufin sarayar da haƙƙi. Ƙasashe masu tasowa sun nuna wannan damuwa a 2009 har aka jinkirta shawarar kafa bankin, kuma sakamakon tsayuwarsu ne aka tabbatar cewa cin moriyar bankin bai buƙaci ƙasa ta yafe haƙƙin tacewa ba. Yarjejeniya tsakanin ƙasa da ƙasa kuwa tana iya buƙatar haka, kamar yadda Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta yafe tacewa da sake sarrafawa a yarjejeniyarta da Amurka ta 2009, ta kuma sa shi a dokarta. Ra'ayina shi ne ƙasa mai tukunya biyu ko huɗu ba ta da wata ribar kasuwanci a gina masana'antar tacewa, kuma zargin da za ta jawo wa kanta ya fi amfanin yawa. Amma ƙin yin abu da zaɓin kai daban yake da rubuta cewa an haramta wa jikoki shi har abada, don haka a bar majalisa ta yi muhawara a fili kafin a sa hannu a irin wannan sashe.

Ƙasar da ke da ƙaramar tukunyar bincike tana da wurin gwada duk wannan tun kafin ta kai ga babbar tasha, kuma Najeriya ta riga ta yi. Tukunyar Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ƙirar Sin mai ƙarfin kilowat 30, ta fara aiki a 2004 da kimanin kilo ɗaya na yuraniyom da aka tace zuwa kashi 90. A 2018, da haɗin gwiwar IAEA da Amurka da Sin, aka cire wannan makamashi aka saka mai kashi 13, kuma a watan Disamba na shekarar aka ɗora tsohon a jirgin sama aka mayar da shi Sin, shekara guda bayan Gana ta yi irin wannan aiki a tata tukunyar da ke kusa da Akara. Tukunyar ta ci gaba da aikinta na gwajin ma'adinai da ƙasar noma da horar da ɗalibai. Injiniyoyi da jami'an hukumar kula da nukiliya da suka yi lissafin kayan, suka nemi lasisin jigila, suka tsara tsaron hanya a wancan aiki, su ne ya kamata a fara kira teburin tattaunawa ranar da za a zauna rubuta kwangilar makamashin babbar tasha.